Na Sayi Dala da Dala

Laifin duk na adakar marigayi Baba ne. Shekara shida da rasuwarsa ba wanda ya ɗaga murfinta, sai da gara ta fara cin gindinta Inna ta aiko a ce in zo in kwashe abin da ke ciki. Na tarar da rasiɗan haraji, da tsinkakken carbi, da hoton Baba sanye da dara yana hararar mai hoto kamar ya ci masa bashi. Can ƙasa kuma, ƙulle a bakin wani tsumma, anini uku da sule guda na 1913 wanda ya yi baƙi ƙirin.

Yaran da aka haifa bayan 1973, shekarar da naira ta kori fam da sule, in ka ce musu anini sai su ɗauka maɓallin riga kake nufi, ko abin da ake liƙa wa hafsan soja a kafaɗa. Ni ma ban kashe anini ba, amma na kashe kwabo mai huji, na sayi ƙosan taro, an kuma taɓa zane ni a kan sisin da na yar a hanyar injin niƙa. Saboda haka da na juya aninan nan a tafin hannu, gefe ɗaya tauraro mai tsini shida, ɗaya gefen kambin sarauta da rubutun Larabci a ƙarƙashin huji, sai na ji wani abu ya tsarga mini. Anini goma kwabo, kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam. Turawa sun fara buga anini a 1907 don ya karɓi aikin wuri a ƙananan saye-saye, da farko da alminiyam, da suka ga yana zagwanyewa suka sauya ƙarfe. Duk wannan na sani, domin shekara talatin da biyar na yi ina koyar da tarihi a sakandare kafin in yi ritaya. Ku riƙe maganar koyar da tarihin nan, za ta zagayo ta same ni.

Da a nan na tsaya, da yau ina da tsumma, da anini uku, da sule, da mutuncina. Sai ga ɗan ƙanwata, ɗan jami'a, irin waɗanda babban yatsansu ba ya hutawa.

"Kawu, ka san Turawa na sayen irin wannan kuwa?"

Ya ɗauki hoton sulen, ya latsa nan ya latsa can, ya miƙo mini wayar. Ga sule irin nawa sak a wani shafin gwanjo na intanet, kan Sarki Joji na 5 a gefe guda, bishiyar kwakwar manja a ɗaya gefen, an rubuta dala 300 a ƙarƙashinsa. Na cire tabarau na goge na mayar. Lambar ba ta ragu ba.

Abin da yaron bai gaya mini ba, don shi ma bai sani ba, shi ne kuɗin da mai kaya ya yanka daban, kuɗin da aka saya daban. Ko a Kantin Kwari mutum na iya cewa yadinsa miliyan ne, bakinsa ne. Ashe akwai inda ake latsawa a ga nawa aka sallama irin kayan a baya, kuma can ne gaskiyar kasuwa take kwance. Wata huɗu na yi ban san da wurin ba. Ni dai na ga 300, na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. A daren yaron ya buɗe mini rajista, washegari na wayi gari ina kiran kaina mai tara tsofaffin kuɗi, alhali duk abin da na tara bai cika ludayi ba.

Sayen farko na yi shi ne a kan Sarki Edward na 8. Duk malamin tarihi ya san labarinsa: ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disamba don ya auri wata bazawara Ba'amurkiya, Wallis Simpson, ko bikin naɗa masa kambi ba a kai ga yi ba. A Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa an kashe a kasuwa ba. To sai ga wani mai kaya yana tallar kwabon Afirka ta Yamma mai ɗauke da sunan wannan sarki, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa kuɗin sarkin da bai shekara ba ne. Zuciyata ta ce: sarkin da bai shekara ba, kwabo nawa ya samu damar bugawa? Na taya, ba wanda ya ja da ni, na biya dala 40 har ina tausayin mai kayan. Rashin abokin ja ɗin nan ya kamata ya tsayar da ni. In ka ga rijiya a bakin hanya ba kowa a kanta da rani, ka leƙa kafin ka zura guga.

Bayan mako biyu na ga ana sayar da irin kwabon goma-goma a leda. Ashe da yake kuɗi mai huji ba ya bukatar hoton sarki, suna kawai ake sauyawa, nan da nan aka buga miliyoyi a Landan da Birmingham aka turo mana. Sarkin dai bai shekara ba, amma injin buga kuɗi bai yi murabus tare da shi ba. Na haɗiye wannan ban gaya wa kowa ba. Na ce kuɗin makaranta ne.

Sai na haɗu da Mariya.

Wanda ya tashi a gidan da ke da tsofaffi ya san liyari, ƙaton kuɗin azurfan nan da mata ke ratayawa a wuya. Asalinsa kuɗin Mariya Tareza ne, sarauniyar da ta mulki Ostiriya da Hangari daga 1740 zuwa 1780. Sunan irin kuɗin a Jamusanci tala, daga nan dalar Amurka ta samo suna, daga nan mu ma muka samu dala, wadda har gobe a Nijar ita ce ma'aunin lissafin sefa. Fatake sun ratso Sahara da shi, ya yi aiki a Habasha da Yaman da Sudan da Barno. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya rubuta cewa dala ɗaya wuri 2,500 take ci. Wannan darasi na koyar da shi ya fi sau talatin, har ina sa yara su lissafa jaki nawa zai ɗauki canjin dala ɗari.

To ga shi yau a wayata, a hannun wani gidan gwanjo a Amurka: fari tas, yana ƙyalli, sarauniya da mayafinta, gaggafa mai kai biyu a baya, ga shekara ɓaro-ɓaro, 1780. Shekarar rasuwarta ma! An buɗe tayi da dala 20. Na ce lallai Turawan nan ba su san abin da ke hannunsu ba. Akwai dogon bayani da Turanci a ƙarƙashin hoton, layi biyar ko shida, amma mutumin da ya shekara talatin da biyar yana ba da bayani ba ya tsayawa karanta na wani.

Za a rufe gwanjon ƙarfe tara na dare agogon New York, wato ƙarfe biyu na dare a Kano. Na yi alƙawari da kaina, har na rubuta a bayan katin ɗaurin aure, cewa ba zan wuce dala 40 ba ko sama da ƙasa za su haɗu.

Gwanjon da na sani ina yaro yana da ƙararrawa, yana da mai shela, kana ganin abokin tayinka ido da ido. In ya fara share gumi da hula ka san ya kusa ajiye kara. In ka ga yana ƙifta wa mai kaya ido ka san ɗan zuga ne, ka kama gabanka. Na intanet ba fuska, ba gumi, ba ƙiftawa. Sunan abokin hamayyata ma an ɓoye shi, harafi biyu ne da taurari a tsakani.

Saura minti goma sha biyar na sa 25. Ban ɗage yatsa ba aka ce an wuce ni. Na sa 30. An wuce ni. Na sa 35, na sa 40, duk kafin in ƙifta ido mutumin ya ɗora. Na gyara zama a bakin gado. Wane ne wannan da bai da aiki sai ni? Na dubi katin ɗaurin auren, na kife shi. Ai alƙawarin da na yi da mutane masu hankali na yi shi, ban yi da mai neman raina ni ba. Na sa 50. Na sa 60. Daga nan ba liyari nake nema ba kuma, so nake mai taurarin nan ya san akwai maza a Kano.

Hasken wayar ne ya tashi uwargida. Ta daɗe tana kallona, ina ta huci ina latsawa, gumi na ɗiga daga haɓata.

"Malam, wace ce?"

Ban ɗago kai ba na ce, "Mariya."

Shiru ya biyo baya, irin shirun da ke zuwa kafin hadari ya sauko. Ta tashi zaune ta ɗaura ɗankwali.

"Wace Mariyar? 'Yar gidan wa?"

"Mijinta ya rasu," na ce, don hankalina na kan agogo, saura minti uku. "'Ya'yanta goma sha shida."

"Goma sha shida! Malam, a fanshon naka?"

Na sa 85, aka wuce ni. Na ce mata don Allah ta ba ni minti biyu, wani na neman ƙwace mini ita. Ta ce ai kuwa Allah ya ba shi sa'a. Da saura daƙiƙa ashirin na rufe ido na sa 95. Agogo ya cika. Aka rubuto cewa ni na ci. Na yi wuf na miƙe tsaye a kan katifa, mutum mai jikoki bakwai, sannan na juya na fara aikin da ya fi gwanjon wuya, wato fahimtar da uwargida cewa kishiyar tata ta rasu tun 1780. Sai da aka kira assalatu ta yarda, shi ma da sharaɗin za ta ga Mariyar da idonta.

Da rana ɗan ƙanwata ya zo na ba shi labarin yaƙin, ina ƙara gishiri. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, ai ba mutum kake ja da shi ba. Shi tun tuni ya rubuta iyakar abin da zai iya biya ya tafi. Kwamfuta ce ke ɗora masa kaɗan-kaɗan duk lokacin da ka taya. Wataƙila ma barci yake yi."

Wato na raba dare ina dambe da mai barci. Masu wayo, in ji yaron, sau ɗaya suke tayi: su yanke iyakarsu da rana tsaka lokacin da hankali ke jikinsu, su rubuta, su kashe waya. Har yau ina tunanin mai taurarin nan. Ko dai wawa ne irina a wata nahiyar, ko kuwa ɗan zugar da ba shi da idon da zan ga ya ƙifta.

Sannan takardar biya ta iso. Ni a sanina dala 95 na taya. Ashe gidan gwanjo na da la'adarsa a wuyan mai saye, kashi 20 cikin ɗari, dala 19 ke nan. A kasuwarmu dillali kan ci la'ada, amma yakan bari ka sha ruwa tukuna. Kuɗin aikowa da inshora dala 28. Jimla 142. Duk an rubuta wannan a sharuɗɗan da na latsa na amince da su ba tare da na karanta ko layi ɗaya ba, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Katina na naira ya ce shi bai san wannan zance ba. Na nufi Wapa wurin 'yan canji, na tarar dala ta ƙara tsada tsakanin daren da na yi nasara da ranar da zan biya, na roƙi wani tsohon ɗalibina ya biya da katinsa. Da na buga lissafin duka da naira sai na ga ya haura rabin kuɗin ragon layya. Na ce wa uwargida bana raguna sun yi tsada, gara mu shiga watandar sa.

Mako biyar kayan na hanya. Kullum sai na duba inda ya kwana, kamar mai ɗa a aikin hajji. Ran da ya iso na sa babbar riga na tafi majalisa bayan la'asar, na bari sai da aka zuba shayi zagaye na biyu sannan na fito da shi a cikin hankici. Na hana kowa taɓawa. Na yi musu lacca ta minti arba'in: Viyana, Sahara, ayarin Gadamus, Barth da wurinsa 2,500. Na ce wa ya sani, wataƙila wannan ɗin da kuke gani ya taɓa kwana a lalitar wani madugu. Wani abokinmu tsohon direba, wanda bai cika magana ba, ya leƙo ya ce, "Madugun kuwa mai tsafta ne." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban gane ba.

Shi ne ya ba ni shawarar in kai wa wani tsohon maƙerin fari a Kasuwar Kurmi ya duba. Na yarda, ba don ina shakka ba, sai don ina son ƙarin mai shaida.

Na tarar da tsohon a rumfarsa da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, yana gyaran wani awarwaro. Na gaishe shi na miƙa hankicin da hannu biyu. Bai yi wata-wata ba ya ɗauki liyarin ya sake shi a kan uwar maƙera. Raina ya tashi tare da ƙarar. Ya karkata kunne har amon ya mutu. Ya ɗora a ɗan ma'auninsa: giram 28. Ya kara masa maganaɗisu, bai kama ba.

"Azurfa ce, Malam, mai kyau kuwa. Ka yi sa'a. Jiya wani ya kawo mini nasa, maganaɗisu bai kama shi ba shi ma, don tagulla da dalma ba sa kamawa, amma da na auna giram shida ya ɓace, amonsa kuma kamar ka jefar da marfin kwalba."

Na gyara wuyan riga. Na ce, "Baba, ai wannan ya haura shekara 240 a duniya."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wani tsohon gwangwanin alewa, ya zazzage a kan tabarma. Liyari takwas suka zube, wasu da kunnen rataya, wasu sun side har fuskar sarauniyar ta zama kamar tuwon da aka shafe.

"Karanta mini shekarunsu, idona ya yi rauni."

Na ɗauki na farko, 1780. Na biyu, 1780. Na uku. A na biyar na daina karantawa da ƙarfi.

"Ni dai tun ina zuga wa babana wuta," in ji tsohon, "ban taɓa ganin liyarin da ba wannan shekarar ba. Ko dai baiwar Allahn nan ba ta yi aikin komai a shekarar ba sai buga kuɗi, ko kuwa akwai magana. Dubi abin maƙale mayafin da ke kafaɗarta. Mutanen da shi suke shafawa kafin su karɓa, in ƙwayoyinsa sun shafe su ce kuɗin ya gaji. Naka ko ɗaya bai shafe ba. Wannan bai taɓa shiga hannun bafatake ba, Malam. In ka ce mini na girme shi, ba zan yi musu ba."

Ya ce in ina so zai saya a kan nauyin azurfarsa, don su narkarwa suke yi su yi zobe. Kuɗin da ya ambata, da na mayar da shi dala a zuciyata, bai kai 25 ba. Na ce albarka, da muryar da ni kaina ban gane ta ba.

A daren na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na zauna na yi karatu. Bayan rasuwar Mariya Tareza 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun riga sun amince da wannan kuɗi, sun san nauyinsa, sun san azurfarsa, kashi 833 cikin dubu, ba sa son a sauya ko ɗigo. Sai aka ci gaba da buga shi da shekarar nan ta 1780 ba a taɓa ta ba. Italiya ta buga nata a Rum lokacin da ta shiga Habasha a 1935, Ingila ta buga a Landan da Bombay, aka buga a Faris da Brussels. An buga ɗaruruwan miliyoyi, kuma gidan buga kuɗi na Viyana bai daina ba. Akwai na asali da tsofaffin bugu masu daraja, masana na gane su ta ƙananan alamomi a jikin rubutu da zane, amma nawa ba ya cikinsu. Na koma kan tallar da na saya, na karanta layukan nan da na tsallake. A layi na uku, kalma ɗaya tak, mai nufin sabon bugu. Mai kaya bai yi mini ƙarya ba ko ta anini. Ni na ga kitse a jikin rogo, na kuma biya kuɗin kitse. Shekara talatin da biyar ina koyar da darasin liyari, ban taɓa tambayar me ya sa duk hoton da ke littafi shekararsa ɗaya ba.

Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa na ce bari in mayar da hasara da sulen Baba, tunda dai shi ba sabon bugu ba ne, na san tsumman da ya fito. Na ɗauki hotonsa yadda yake, baƙi ƙirin. Sai na ce wa zai sayi abu da datti haka? Ko tsohuwar mota za ka sayar sai ka kai ta wanki. Na shiga madafa na samo toka da lemun tsami da soson waya, na zauna a bakin rariya. Uwargida ta wuce ta ce, "Malam, in ka gama ga tukunyar miya nan." Rabin awa na yi ina dirza har Sarki Joji ya fito fes kamar angon jiya. Na sake ɗaukar hoto, na aika duka biyun ga wani dillalin tsofaffin kuɗi a Landan, don ya ga irin kulawar da kayan ya samu.

Amsarsa ta zo cikin ladabi irin nasu. Ya ce sule na farko, baƙin nan, yana da sha'awarsa, da alama bai sha hannu sosai ba, in faɗi abin da nake so. Na biyun kuwa abin takaici ne, wani ya kankare shi, yanzu ba shi da daraja sai ta azurfar da ke jikinsa. Bawan Allah ya ɗauka sule biyu gare ni.

Ashe baƙin nan da na kashe rabin awa ina yaƙi da shi, shi ne shedar shekarun kuɗin, masu tarawa shi suke so su gani. Suna da ma'aunin lafiyar kuɗi daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke William Sheldon ya fito da shi a 1949, kuma akwai kamfanoni irin su NGC da PCGS da ke duba kuɗi su ba shi lamba su rufe shi a roba. Irin waɗannan ne ake yanka wa dala 300. Wanda aka goge kuwa ko lamba ba ya samu, sai dai a rubuta masa a goshi cewa an goge shi. Ban ba dillalin amsa ba. Me zan ce masa, mugun da ya kankare na biyun yana gaishe ka?

Liyarin dai na mayar wa tsohon Kurmi ya sa masa kunne da sarƙa, na ba uwargida a matsayin toshiyar baki. Yanzu da shi take zuwa biki. Na ji ta da kunnena tana gaya wa mata cewa na 1780 ne, Malam ya yi oda daga Amurka, ban kuma ga dalilin da zan tsoma baki a hirar mata ba.

Ranar Juma'a na je gaida Inna, na kwashe labarin duka na gaya mata, don ita kaɗai ce ba za ta kai shi majalisa ba. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, ba ta kuma cika dubana in ina magana ba. Tana ta tsince wake har na gama.

"Liyari uku na zo da su gidan nan," ta ce. "Shekarar fari aka sayar aka sayi gero. Da an tambaye ni ai da na faɗa, duk kai ɗaya gare su." Ta watsar da tsakuwa. "Mu ga kwabon sarkin da ya bi mace."

Na ciro shi daga 'yar ledarsa na miƙa. Ta juya shi sau ɗaya ta miƙo mini.

"Je ka dubi ƙyauren ɗakin dusa."

Ƙyauren langa-langa ne da Baba ya buga tun ban shiga firamare ba. Na wuce shi sau dubu. Na durƙusa na duba da kyau: kowace ƙusa an zura ta ne ta hujin kwabo kafin a buga, don kada kanta ya yage kwanon. Na ƙirga goma sha huɗu. Na sa farce na kankare tsohon fenti a kan waɗanda gefen kambinsu ke waje. Na farko Joji. Na biyu Joji. Na uku, na huɗu da na shida, Edward na 8, dala 120 a farashina, suna tsare dusa shekara sittin ba wanda ya taya.

Na miƙe na fara waige-waigen inda Baba ke ajiye filaya. Daga can ƙarƙashin rumfa, ba tare da ta ɗago daga faifan wakenta ba, Inna ta ce:

"Kai wannan, in ka cire mini ƙyaure akuya ta shiga, kai za ka biya dusar."